Taswirar Kan Don Evaristo

Ƙarfe huɗu na yamma a Valparaíso,
hazon teku ya hau tudu, ya leƙo tagar asibiti.
Na ce, Don Evaristo, cire agogo,
cire zobe da makulli da sarƙar wuya,
maganaɗisun nan ba ya barci,
ko allura ya gani sai ya fizge.
Ya ce, haƙorin gwal fa?
Na ce, bar shi, ba sa ga maciji, amma ba sa faɗa.

Shekara talatin da takwas yana jan keken tudu,
akwatin katako mai hawa da igiyar ƙarfe
daga bakin tashar jiragen ruwa zuwa unguwannin sama.
Ya san kowace mace da kwandon kifinta,
ya san mai biya, ya san mai cewa sai gobe.
Bara ya tsayar da keken a tsakiyar gangare,
ya tambayi fasinjoji ina ne sama.

Na kwantar da shi, na toshe masa kunne,
na kifa masa kejin sauraro a ka.
Gado ya zame cikin farin rami.

Sai ƙara,
kamar maƙera bakwai sun yi gardama kan uwar maƙera ɗaya.
Ba wuƙa, ba aska.
Ruwan cikin kansa ake yi wa magana:
maganaɗisu ya jera ƙwayoyinsa sahu guda,
igiyar rediyo ta hankaɗe su, su karkata,
in ta yi shiru su miƙe,
kowace da 'yar muryar da take saki.
Farin nama mai saurin komawa ne,
mai ruwan toka ya fi nawa,
ruwa tsantsa kuwa sai ya ga dama.
Da wannan jinkirin muke zana hoto.

Yanka ɗari da saba'in da shida,
ko ɗigon jini babu.

Na'ura ta ɓare ƙoƙon kai, ta ajiye gefe,
ta bi iyakar toka da fari kamar mai bin sawun ɓatacciyar akuya.
Ga bawon ƙwaƙwalwa, bai fi kaurin bawon lemo ba,
kunya bayan kunya, kwari bayan kwari,
kashi biyu cikin uku a ɓoye cikin lunguna.
Sai mu hura shi a allo kamar balan-balan
har kwazazzabai su buɗe baki,
abin da ke ƙasa ya fito fili.

'Yarsa Ximena tana bayana, ba a ba ta izini ba,
ban kuma kore ta ba.
Ta ce, ai garinmu ne wannan,
ga tudunmu, ga gangaren da ruwa ke bi.
Wancan shuɗin fa?

Shuɗi na nufin wuri ya siranta.
Can saman kunne, baya kaɗan,
inda mutum ke ajiye gabas da yamma.
Na ce, likita Huenchumán zai yi miki bayani.
Aikina awo ne.
Na ji kunyar amsar.

Minti ashirin da biyu, gado ya dawo.
Ya zauna, ya sosa ƙeya,
ya ce, yarinya, injinki na son mai,
na ji ƙugiya ɗaya tana kuka a bugu na uku.
Ya miƙo min tafin hannu, yana jiran kuɗin hawa.
Na laluba aljihu, na tuna
ba a shigowa ɗakin nan da tsaba.
Na ce, sai gobe.
Ya yi dariya, haƙorin gwal ya haska,
ya ce, duk haka kuke cewa.

Da dare na juya taswirar a allo, hagu da dama.
Na auna kowane tudu, na rubuta lamba.
Ban ga matan kifi ba,
ban ga bugu na uku ba,
suna can dai, cikin wani kwarin da bai siranta ba tukuna.

Na kashe fitila. Maganaɗisu na nan a farke.
Na gangara gida a keken tudu,
wani yaro ke jan sa yanzu,
bai ɗago ya dube ni ba.